Kafin Makaranta Ta Sayi Manhajar Hulɗa Da Ɗalibai, A Tuna Da 'Yar Mai Koko

A wannan wata za mu taɓo wata magana wadda a ido kamar ba ta shafi talaka ba, watau maganar yadda jami'o'i da kwalejoji ke zaɓen manhajar kwamfuta ta yin hulɗa da masu neman shiga da ɗalibai da iyayensu. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan malamin ƙaramar sakandare da cinikin manyan ofisoshi? To, a yi mana haƙuri a ji dalili.

Akwai wata yarinya da muka koyar a nan Kumasi, uwarta tana sayar da koko da ƙosai da sassafe a bakin titi. Yarinyar ta gama babbar sakandare, ta ci jarrabawar WASSCE da sakamako mai kyau. Uwar ta ɗebi kuɗi daga adashinta, ko susu kamar yadda muke cewa a nan, aka sayi katin neman shiga wata babbar makaranta. Da yake babu kwamfuta a gida, sai yarinyar ta tafi kafe, yaron kafe ya cika mata fom. Da ya zo wurin adireshin imel da lambar waya, don ya huta da tambaya, sai ya rubuta nasa.

Makaranta ta ɗauke ta. Ta aika da saƙo, ta kuma sa ranar da za a rufe biyan kuɗi. Saƙon ya faɗa cikin ɗaruruwan saƙonnin yaron kafe, babu wanda ya gani. Sai da mako uku ya wuce bayan ranar rufewa sa'an nan labari ya fito. Uwar ta same mu a ƙofar makaranta, ta ce, "Ticha, ashe sun kira ta, mu ne ba mu ji ba?" Muka ce, "Mma, ku yi haƙuri, za mu je mu gani." Muka je, aka karɓe mu da mutunci, amma aka ce an riga an ba wani gurbin. Shekara guda cur ta tafi a banza. Allah ya taimaka ta samu shiga a shekara ta biyu, amma mun san wasu 'yan mata da irin wannan shekara guda ta zamar musu ƙarshen karatu, domin kafin ta zagayo an ɗaura aure ko an shige kasuwa.

Kwanan baya kuwa sai ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban kwalejin horon malamai ta sami labarin cewa ana shawarar sayen irin wannan manhaja, aka kuma nemi jin ra'ayinmu. Abin da muka tattara ke nan muka ga ya kamata mu kawo a wannan fili.

MECE CE WANNAN MANHAJA?

Turawa suna taƙaita sunanta da harufa uku, CRM. Asalinta ta 'yan kasuwa ce. Kowa ya san yadda mai shago a Kejetia yake riƙe abokan cinikinsa a ka: wane yana son kaza, wane ana binsa bashi, wance ta yi alkawarin dawowa ranar Laraba. Da ciniki ya yi yawa kai ya kasa ɗauka, sai aka koma littafi, daga littafi aka koma na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kamfanin Siebel na Amurka, wanda aka kafa a 1993, shi ne ya yi fice a wannan sana'a a zamaninsa, har kamfanin Oracle ya saye shi a 2006. A 1999 kuma aka kafa Salesforce a birnin San Francisco, wanda ya shahara da tsarin haya: ba ka sayen manhajar ka ajiye a ofishinka, tana can a na'urorin kamfani, kai dai ka shiga ta intanet ka riƙa biya.

A makaranta, aikinta shi ne ta buɗe wa kowane mutum fayil guda tun daga ranar da ya fara tambaya. Yaushe ya kira, me ya tambaya, wa ya amsa masa, wace takarda ce ta rage bai kawo ba, an aika masa da saƙo ko ba a aika ba, ya amsa ko ya yi shiru. Haka za ta bi shi har ya gama, ya zama tsohon ɗalibi da za a nema ranar gina sabon ɗakin karatu.

Kada a haɗa ta da sauran 'yan'uwanta biyu. Akwai manhajar rajista wadda ke ajiye maki da kwasa-kwasai da kuɗin makaranta. Akwai kuma ta koyarwa, irin su Moodle da Sakai, inda malami ke sa darasi ɗalibi ya miƙa aiki. Ita wannan ta uku aikinta magana ce: wa ya kamata a yi wa magana yau, a kan me, ta wace hanya.

ME YA KAWO RUBUBI YANZU?

Dalili na farko yawa ne. Da can manyan makarantun ƙasar nan ana ƙirga su da yatsu: Legon tun 1948, ta Kumasi da ta buɗe a 1952, ta Cape Coast a 1962, sa'an nan ta Tamale a 1992. Daga 2016 aka fara mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i. A 2018 kwalejojin horon malamai 46 na gwamnati suka fara ba da digiri na shekara huɗu. Ga kuma masu zaman kansu. A ɗaya gefen, shirin babbar sakandare kyauta da aka fara a 2017 ya yaye rukuninsa na farko a 2020, masu neman gurbi suka ƙaru ƙwarai. Ma'aikata kaɗan da littafin rajista da wayar ofis guda ba za su iya da wannan taro ba.

Dalili na biyu shi ne annobar korona. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, kowace hukuma ta gane cewa allon sanarwa na bakin ofis ba shi da amfani ga ɗalibin da ke zaune a Bawku ko Yendi.

Kuma gaskiya abin yana aiki idan an yi shi da hankali. Alal misali, Jami'ar Jihar Georgia a Amurka tana fama da yaran da aka ɗauka amma ba sa bayyana ranar buɗewa, yawancinsu 'ya'yan marasa ƙarfi waɗanda takardu suka rikita. A 2016 ta fara bin su da saƙonnin tes, tana tunatar da kowa abin da ya rage masa, tana amsa tambayoyinsa dare da rana. Yawan masu zubewa ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. A lura, tes ne a waya, ba wani abin al'ajabi ba.

A kasuwa kuwa kaya iri-iri ne. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don makarantu, kamar Slate da kayan kamfanin Ellucian. Akwai na kowa da kowa da ake gyarawa su dace da makaranta, kamar Salesforce da Microsoft Dynamics da HubSpot da Zoho na ƙasar Indiya. Akwai waɗanda ake ɗauka kyauta a gyara yadda ake so, kamar CiviCRM da SuiteCRM. Akwai kuma matasanmu na gida masu rubuta manhaja. Ba mu zo tallar kowa ba. Mun zo ne da tambayoyi huɗu da muke ganin duk kwamitin saye ya kamata ya yi kafin ya sa hannu.

TAMBAYA TA FARKO: SAƘON ZAI ISA KUWA?

Yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne a ƙasashen da kowane yaro yake da imel nasa yana dubawa kullum. Mu a nan ba haka ba ne. Yaro da yawa yana da adireshin imel ne kawai domin an buɗe masa ranar da aka sayi waya, bai ma san kalmar sirrinsa ba. Uwa kuwa ƙaramar wayar nan ce a hannunta mai madannai, wadda samari ke wa laƙabi da doya.

Saboda haka sai a tambayi mai sayarwa: kayanka yana aika tes ta layukan wayar ƙasar nan? Yana aiki da WhatsApp? Zai iya kiran waya ya faɗi saƙo da murya, da Hausa ko Twi ko Dagbani, domin uwar da ba ta karatun boko? Za a iya duba sakamako ta hanyar danna lamba mai tauraro, kamar yadda kowa ya saba danna *170# don kuɗin waya? Idan amsa ita ce sai an sayi ƙari, to, nawa ne ƙarin?

Akwai wani ƙaramin abu da mutane ba su lura da shi ba. Tes guda yana ɗaukar harufa 160 idan da baƙaƙen Turanci zalla aka rubuta. Amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya irin ɗ ko ƙ namu, ko ɛ da ɔ na Twi, sai ya koma 70, kuɗin saƙo ya ninka. A wata manhajar ma harafin yakan rikiɗe ya zama alamar tambaya. A gwada wannan a gaban mai sayarwa.

Sa'an nan dole fayil ɗin kowane yaro ya ɗauki lamba fiye da ɗaya: tasa, ta mahaifi ko mariƙi, da ta wani malami da ya yarda da shi. Lambobi suna mutuwa. Duk mun ga yadda aka toshe layuka masu yawa a 2023 bayan aikin sake rajistar layi da katin Gana da aka fara a 2021. Kuma manhaja mai hankali ya kamata ta ɗaga tuta idan ta ga lamba guda a kan fom arba'in, domin wannan alama ce ta yaron kafe. Ta kuma aika da 'yar lambar tabbatarwa zuwa wayar kafin a karɓi fom. Da akwai wannan, da 'yar mai koko ba ta rasa shekararta ba.

Maganar suna ma tana nan. Mu mutanen zongo mun san wahalar da muke sha: Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a takardar jarrabawa, Mahama a bakin maƙwabta. Abubakar ya zama Abubakari ko Bukari. A aji guda sai ka sami Alhassan Fuseini biyu da Fuseini Alhassan ɗaya. Manhajar da ke gane mutum da suna kawai za ta raba mutum ɗaya gida uku, ko ta haɗa mutum uku ta mai da su ɗaya. A tabbata tana dogara da lambar jarrabawa da ranar haihuwa.

TAMBAYA TA BIYU: NAWA NE A SHEKARA BIYAR?

Mai sayarwa yakan faɗi farashin wata guda na ma'aikaci guda, sai a ji kamar araha. Bari mu yi lissafi a allo yadda muka saba. A ce ma'aikata 20 ne za su yi aiki da ita, a ce kuma kowanne dala 50 ne a wata. A shekara dala 12,000 ke nan. A farkon 2022 dala guda wajen sidi 6 take, watau sidi 72,000. Kafin watan Nuwamba na wannan shekara ta haura sidi 13, watau lissafin ya wuce sidi 156,000, alhali ba a ƙara ko kujera ɗaya ba. Gaskiya ne sidi ya farfaɗo a 2025, amma darasin yana nan: makarantar da ke karɓar kuɗi da sidi tana biya da dala, kasafinta yana hannun kasuwar canji.

Bayan kuɗin haya akwai kuɗin masu girkawa, wanda wani lokaci yakan fi na hayar shekarar farko. Akwai kuɗin kwashe tsofaffin bayanai, da na horar da ma'aikata, da na haɗa ta da manhajar rajista da banki da kuɗin waya, da kuɗin kowane tes. Idan ba a haɗa su ba, akawu zai riƙa kwafa da hannu daga wannan allo zuwa wancan, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Ta kyauta ma ba kyauta ba ce ɗungurungum. Sai an sami injiniya mai kula da ita, da na'urar ajiya, da janareto ko hasken rana, domin ba mu manta da dumsor na 2014 da 2015 ba. Idan injiniyan ya sami aiki a waje ya tafi da sirrinta a kansa, shi ke nan. Ta haya kuwa tana buƙatar intanet kullum, kuma mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku suka katse, harkoki suka tsaya cik a ƙasar nan da maƙwabta na kwanaki. Kowace hanya da nata ciwon kai. Abin nema shi ne a rubuta lissafin shekara biyar na kowacce a takarda guda, a kwatanta. Ƙaramar kwalejin da ke ɗaukar 'yan ɗaruruwa a shekara ba ta buƙatar kayan da aka ɗinka wa jami'a mai dubban ɗalibai. Kowa ya yi ɗinki daidai yadinsa.

TAMBAYA TA UKU: ASIRIN 'YA'YANMU A HANNUN WA?

Abin da ake zubawa a wannan manhaja ba ƙarami ba ne: sunan yaro, hotonsa, addininsa, sana'ar iyayensa, rashin lafiyarsa, bashin da ake binsa. A Gana muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2012, doka mai lamba 843, da hukumar da ke kula da ita. Dokar ta wajabta wa duk mai tara bayanan mutane ya yi rajista, ya yi amfani da su don abin da aka karɓe su dominsa, ya tsare su, ya kuma sanar idan an yi kutse. Mutum yana da haƙƙin ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa. Makaranta ba za ta fake da cewa laifin kamfani ne ba, domin ita aka ba amana.

Kada a ce kamfanin Turai ko Amurka ba ya samun matsala. A watan Mayu na 2020 aka gano cewa 'yan kutse sun shiga na'urorin kamfanin Blackbaud na Amurka, mai ajiye bayanan tsofaffin ɗalibai da masu ba da gudummawa. Bai sanar da abokan cinikinsa ba sai a watan Yuli, bayan ya biya fansa. Jami'o'i da dama a Ingila, har da ta York da ta Leeds, suka shiga aika wa tsofaffin ɗalibansu takardun ban haƙuri. A 2023 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 49.5 don sasantawa da jihohin Amurka.

Don haka a rubuta ƙarara cikin yarjejeniya: a wace ƙasa za a ajiye bayanan, cikin kwana nawa za a sanar idan an yi kutse, kuma haramun ne a sayar da lambobin yara ga masu talla. A cikin gida ma a yi iyaka, kada kowane ma'aikaci ya iya buɗe fayil ɗin kowace yarinya ya ɗauki lambarta. Mu malamai mun san dalilin da ya sa muka faɗi haka. Manhajar ta riƙa rubuta wanda ya buɗe kowane fayil da lokacin da ya buɗe.

Abu na ƙarshe a nan shi ne ranar rabuwa. Tun ranar ɗaurin aure ake sanin sadaki. A tambaya tun yanzu: idan mun fasa bayan shekara uku, za ku ba mu bayananmu duka, cikin tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa, ba tare da wani caji ba? Wanda ya yi inda-inda a wannan tambaya, a bar shi da kayansa.

TAMBAYA TA HUƊU: WA ZAI ZAUNA A BAYANTA?

Mu da muke aji mun sha ganin kwamfutoci da aka kawo da biki da ɗaukar hoto, yau suna cikin sito ƙura ta rufe su, saboda ba a horar da kowa ba. Manhaja tana iya nuna cewa yara 60 da aka ɗauka ba su amsa ba, saura kwana biyar a rufe. Amma ba ita za ta ɗaga waya ta ce, "Baba, 'yarku ta samu, me ya hana ku zuwa?" ba. Wannan sai mutum, mai haƙuri, mai jin harshen iyayen.

Saboda haka kwamitin zaɓe kada ya zama na manya da injiniyoyi kaɗai. A sa akawun ofishin ɗaukar ɗalibai, wanda shi ne zai yini a kanta. A sa mai karɓar kuɗi, da mai ba ɗalibai shawara, da wakilin ɗalibai, mace da namiji. Kafin a kira 'yan kasuwa, a zauna a rubuta matsaloli biyar da ake son magancewa, da kalmomi masu sauƙi, kamar: kada wanda muka ɗauka ya rasa gurbinsa don bai ji ba. Sa'an nan a ce wa kowane mai sayarwa ya nuna yadda kayansa zai warware waɗannan biyar ɗin, da sunaye irin namu, a kan ƙaramar waya, a wurin da sabis ke da rauni. A nemi ya faɗi wata makaranta a Afirka ta Yamma da ke amfani da kayan, a je can a tambayi akawunsu, ba shugabansu kaɗai ba. In da hali a fara gwaji da sashe guda na zango guda. Ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu.

NAMU AIKIN

Kafin manyan makarantu su gyara nasu, mu ma da namu. Iyaye, ku tabbata lambar da aka sa a fom taku ce ko ta yaronku, kuma layin yana aiki. Ɗalibai, kada ku bar kafe sai kun ga an rubuta lambarku da imel ɗinku da idonku, ku rubuta lambar katinku da kalmar sirri a littafi, ku riƙa dubawa da kanku duk mako. Mu malamai, mu riƙe jerin tsofaffin ɗalibanmu da suka nemi gurbi, mu bi sawunsu a lokacin fitar sunaye. Limamai da sarakunan zongo da ƙungiyoyin matasa, sanarwa guda bayan sallar Juma'a a lokacin ɗaukar ɗalibai tana iya ceton karatun yara da yawa.

Ga shugabannin makarantu kuwa, roƙonmu guda ne. Ranar da mai sayarwa ya kunna majigi yana nuna zane-zane masu launi, ku tuna da yarinyar da uwarta ke tashi tun kafin asuba tana dama koko, ku tambaye shi ta yaya saƙonku zai isa gidansu. Idan ya isa can, to, zai isa ko'ina.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.